Wanda ya rubuta sunansa a jikin motarsa bai cancanci tara ba

Motocin rabon burodi biyu gare ni. Ɗaya fara ce fat, babu ko ɗigon rubutu a jikinta. Ɗayar kuwa shekara uku ke nan da na sa aka naɗe ta da sitika tun daga ƙofar direba har baya: sunan gidan burodin da manyan baƙaƙe, hoton burodi, unguwar da muke, sai lambar waya. Kaya iri ɗaya suke ɗauka, mai iri ɗaya suke sha, sau da yawa ma hanya ɗaya suke bi. Amma da zarar sun bar cikin birnin Kano, farar wucewa take salin-alin. Mai rubutun ake ɗaga wa hannu.

Wata safiya cikin bazara direban ya kira ni, muryarsa duk ta canza. Ya ce, "Alhaji, sun tare ni, sun ce sai na kawo takardar tallan mota. Na nuna musu wadda muka biya, sun ce ba tasu ba ce." Samari ne huɗu da riguna masu ƙyalli, sun shimfiɗa katako mai ƙusoshi a bakin titi, a yankin wata ƙaramar hukuma da ba zan ambaci sunanta ba. Suka cire lambar motar suka riƙe. Kafin a gama ciniki rana ta take, burodin ya yi gumi a cikin leda, masu shayin da ke jiranmu kuma sun saya a wurin wani. Farar motar ta bi ta gabansu a ranar, ko kallonta ba su yi ba.

Tun daga lokacin nake juya maganar a raina. Laifin motar nan ɗaya ne: ta faɗi sunan mai ita.

Ni dai ban yi nadamar naɗe ta ba, kuma duk ƙaramin ɗan kasuwar da ya nemi shawarata ina ce masa ya yi. A rediyo, duk sanda aka karanta tallanka sai ka biya, ran da kuɗi ya yanke kuma shiru kake ji. Babban allon talla a Titin Zariya ko Titin Murtala Muhammad na bankuna ne da kamfanonin waya, hayar wata ɗaya ta fi ƙarfin irinmu. Facebook da TikTok suna da amfaninsu, amma mai shayin da ke hura wuta tun kafin asuba, da mai ɗan kanti a lungu, ba a nan suke neman wanda zai kawo musu burodi ba. Wanda suka gani da idonsu suke kira. Motar kuwa dama dole ta fita, da rubutu ko babu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk litar da ka zuba kana jin ta a jikinka. To me zai hana litar nan ta yi maka aiki biyu, ta kai kaya kuma ta kai suna? Tsayuwa a danja talla ce. Gosulon Kantin Kwari da na Singa, wanda direba ke tsinewa, shi ne lokacin da mutane suka fi samun sukunin karanta abin da ke jikin motar. Da dare idan aka ajiye ta a ƙofar gida, maƙwabta ma sun san inda za su zo. Yawancin sababbin abokan cinikin da na samu a shekarun nan uku, idan na tambaye su inda suka samu lambata, amsar ɗaya ce: a jikin mota.

Amma ba riba ce ta sa ni rubutun nan ba. Wani kira ne da ya shigo mini a daminar farko bayan an manna sitikar. Muryar dattijo ce. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai gidan burodin nan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce motata ta shiga cikin ruwan da ya kwanta a titi da gudu, ta watsa wa mutanen da ke tafiya masallaci taɓo, direban kuma bai tsaya ba. Bai zage ni ba, bai nemi ko kwabo ba. Cewa ya yi, tunda na rubuta sunana, ya ga ya dace in sani. Na ba shi haƙuri, na zaunar da direban da yamma muka yi magana. Daga ranar tuƙinsa ya canza, domin ya gane duk wanda ke bakin titi yana iya ɗaukar waya ya kai ƙararsa. Da farar motar ce ta yi wannan, da har gobe ban ji labari ba, dattijon nan kuma da ya koma gida da ɓacin rai ba tare da sanin wanda zai tuhuma ba.

Wannan shi ne abin da masu karɓar haraji ba sa gani. Suna a jikin mota jingina ce da mai ita ya bai wa jama'a. Idan burodina ya zo da tsami, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Idan motar ta buge akuyar wani a ƙauye, ba ta da wurin ɓuya. Mai sayar da jabun kaya, ko mai ruwan leda da ba shi da rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, shi ne ya fi kowa son mota marar rubutu. Mu a Kano ba sai an yi mana dogon bayani a kan haɗarin abin hawan da ba a san mai shi ba. Bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero a watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a birnin nan. Adaidaita Sahun da suka cike gurbin, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, KAROTA, ta tilasta musu rubuta lamba ɓaro-ɓaro a jiki, don idan an yi ɓarna a iya bin sawu. Ke nan gwamnati da kanta ta yarda cewa abin hawan da ake iya ganewa ya fi aminci. To ta yaya ɗan kasuwar da ya yi hakan don raɗin kansa, da kuɗin aljihunsa, har ya ƙara da lambar wayarsa, zai zama shi ne abin farauta?

Kada a ɗauka ina cewa ƙananan hukumomi ba su da hurumi. Suna da shi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da tallan waje cikin ayyukansu, dokar haraji ta 1998 da ta jera abin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ita ma ta ba su kuɗin izinin alluna da talla. Ba na jayayya da wannan, ina biya kowace shekara, rasidina yana nan. Sai dai dokar 1998 ɗin nan ita ce kuma ta ce babu wanda aka yarda ya datse hanya don karɓar haraji a ko'ina a ƙasar nan, ko da kuwa hukumar harajin ce da kanta. Katakon nan mai ƙusoshi ba shi da gindin zama a doka. Sannan ga lissafi mai sauƙi. Allon kanti wuri ɗaya yake tsaye, hukuma ɗaya ce ke da shi. Mota yawo take. Jihar Kano kaɗai ƙananan hukumomi 44 gare ta, ƙasar baki ɗaya 774. Motar da ta fita daga Fagge da asuba tana iya ratsa biyar ko shida kafin hantsi. Idan kowace ta ce sai an biya ta, to ba haraji ake karɓa ba, kashe sana'a ake yi. Kwamitin gyaran haraji da Shugaba Tinubu ya kafa a 2023 ƙarƙashin Taiwo Oyedele ya faɗi cewa harajin da ake karɓa a hukumance a Najeriya ya haura 60, ya kuma ce burinsa a mayar da su ƙasa da 10. An sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025. Ni ma'aunina ɗaya ne: ranar da direbana zai je ya dawo da takarda ɗaya a aljihunsa, ba wanda ya taɓa masa lambar mota.

Sakamakon halin da ake ciki a bayyane yake ga duk mai zuwa Sharaɗa ko Bompai da safe. Dubi motocin da ke fitowa da kaya, ka ƙirga nawa ne ke da suna. Na san masu ruwan leda da masu sabulu da suka ɓare sitikar da suka kashe kuɗi suka manna, suka koma fari, don kawai a bar su su wuce. Hukuma ba ta samu kuɗin ba, ɗan kasuwa ya rasa talla, jama'a kuma sun rasa hanyar gane wanda ke yawo da kaya a unguwarsu. Manyan kamfanonin lemo da na taliya ba abin da ya dame su, suna da lauyoyi da ma'aikacin da aikinsa kawai tara waɗannan takardu. Mai mota ɗaya ko biyu shi ke shan wuya.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a yi, wanda yanzu ba a yi. Daban ne mutum ya rubuta sunan sana'arsa a motar da yake rabon kayansa da ita. Daban ne kuma mai bas ya ba da hayar jikin motarsa ga kamfanin waya, ko a ɗora allo da lasifika a bayan a-kori-kura ana zagaya gari ba don komai ba sai talla. Na biyun kasuwancin talla ne, kuɗi ake samu kai tsaye, a karɓi haraji a kai babu laifi. Na farkon kuwa shaida ce, kamar katin da ma'aikaci ke ratayawa a wuya. Idan har sai an biya, to ya zama kuɗi kaɗan, sau ɗaya a shekara, a haɗa shi da sabunta takardun mota, a ba da shaidar da kowace ƙaramar hukuma a jihar za ta girmama, su kuma su raba kuɗin a tsakaninsu. Legas ta kafa hukumar kula da alluna da talla, LASAA, tun 2006, masu motoci masu rubutu a can sun san ƙofa ɗaya da za su je neman izini. Ba sai mun kwafi komai nasu ba, amma ƙofa ɗaya ta fi arba'in da huɗu.

Rubutu a jikin mota ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, shi ya sa nake mamakin yadda ake ɗaukarsa kamar wani sabon gata da sai an saya. Duk wanda ya tashi yana ganin manyan motocin katako masu lodin gyaɗa da hatsi da shanu ya san wannan. Gaba da baya zane ne: zaki, mikiya, masallaci, dawisu, furanni. A saman gilashi ko a ƙofar baya kuma a rubuta "Allah gatan kowa", ko "Hassada ga mai rabo taki", ko "Mahaƙurci mawadaci". A tasha ba a cika kiran mota da lambarta ba, da rubutunta ake kiranta, har direban ma sunan ya bi shi. Mai kaya a Dawanau yana iya cewa a jira masa mota kaza, don ya san direbanta ba ya cin amana. Ashe tun kafin injin buga sitika ya zo, kakanninmu na harkar sufuri sun san cewa suna a jikin mota daraja ce da ake karewa. Abin da ya canza kayan aiki ne kawai. A da buroshi ne da gwangwanin fenti da hannun gwani, yanzu kwamfuta ce da leda.

Kuma ina jin zafin abin da sauyin ya yi wa masu zanen hannu. Akwai wani dattijo da ya rubuta mini allon gidan burodina na farko, baƙaƙensa a miƙe kamar an auna da ma'auni, kuma har yau fentin bai kwaile ba. Yanzu aiki ya yi masa ƙaranci. Matasan da ke zaune gaban manhajar zane ta CorelDraw sun fi shi sauri, amma da yawansu ba su da idonsa. Shi ya san girman harafin da ake iya karantawa daga tsallaken titi, ya san launin da ke fitowa a kan wani launi idan rana ta haska. Da masu shagunan buga sitika za su riƙa ɗaukar irin waɗannan dattawa suna duba zane kafin a buga, da an rage ɓarnar leda da ta kuɗi.

Domin gaskiya mu ma masu motocin muna da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko shi ne cika surutu. Za ka ga mota an rubuta mata kaya goma sha biyar, lambobin waya huɗu, adireshin reshe uku, da hoton mai gidan ya sha babbar riga. Wanda ke kan babur daƙiƙa uku ko huɗu gare shi. Lambar wayarmu lamba 11 ce, ɗaya ma da ƙyar ake riƙewa. Suna, abin da kake sayarwa, lamba ɗaya, shi ke nan. Sai maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Mutum yana sayar da garin kunu ga matan Kurna da Rijiyar Lemo, amma duk rubutun motarsa Turanci ne, wani lokacin ma Turancin a karye. Wa kake yi wa magana? Idan kuma an yi da Hausa, sai a bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, wai injin ba shi da su, alhali sauya nau'in harafi kawai ake buƙata. Ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki, a kan motar da za ta yi shekaru tana yawo gaban 'yan makaranta. Ajami kuwa kusan an manta da shi, bayan ga shi nan a jikin manyan takardun naira, kuma akwai dubban mutane a kasuwanninmu da suka fi saurin karanta shi a kan boko. Layi ɗaya na ajami a ƙofar baya ba zai ƙara maka kuɗin komai ba.

Ita kanta ledar sitikar sai an yi hattara, don a nan ake cutar mutane da yawa. Iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda ake zuba ruwan roba a shimfiɗe ya daskare, siririya ce ƙwarai, tana bin lanƙwasar jikin mota ta kwanta, ba ta komawa. Akwai wadda ake murzawa tsakanin manyan ƙarafa har ta yi faɗi, ta fi kauri, ta fi araha, amma da ta sha zafi sai ta fara tsukewa tana neman komawa yadda take, gefe-gefenta su ɗaga, ƙura ta shiga. Ta biyun ta dace da allo ko shafaffen gefen babbar mota. A kan bamba da lungunan ƙofa kuwa asarar kuɗi ce. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison da masu Oracal suna yin duka biyun, saboda haka sunan kamfani kaɗai bai isa ba, tambayi wace iri ce. Shekarun da ake rubutawa a kwalin leda ba da ranar Kano ta watan Afrilu aka auna su ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke goge jikin mota kamar yashi. Rufi da bonet su ke fara ƙonewa don su ke kallon rana kai tsaye, shi ya sa ni ban naɗe su ba, gefe biyu da baya kawai na yi. Dole a bar tawada ta sha iska kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗora ledar kariya da ake ganin zanen ta cikinta a kai, dole a wanke mota tas a gyara tsatsa, dole kuma a bi lunguna da na'urar hura zafi bayan an manna. Mai shagon da ya ce ka kawo mota da safe ka ɗauka da azahar, daga zane har mannawa, akwai matakin da zai tsallake. Tunda daga waje ake shigo da ledar, kuma darajar naira ta faɗi tun 2023, jarabar yin amfani da mai arha ta ƙaru. Sitikar da ta koɗe ta yayyage tana faɗa wa mutane cewa haka kayanka ma suke. Idan ta tsufa a ɓare ta da wuri, kafin rana ta gasa ta ta kama fenti. Ɓawon kuma kada a ƙona shi a cikin unguwa ko a watsa a kwata, roba ce mai hayaƙi mai guba, ba ta ruɓewa.

Inda nake goyon bayan hukuma ɗari bisa ɗari shi ne abin da ya shafi rai da tarbiyya. Wanda ya rufe gilashin da direba ke gani ta ciki, ko ya manna leda a kan fitila ko lambar mota, a kama shi. Ko ledar nan mai ƙananan huji da ake gani ta ciki, idan ƙura ko ruwan sama ya cike hujin, direba ba ya ganin komai. Wanda ya sauya launin motarsa gaba ɗaya ya je ya gyara takardunsa, don launin da ke takarda ya dace da na titi. Masu tallan magani da ke manna hotunan tsiraici da cututtukan al'aura a jikin mota, su ajiye ta a bakin kasuwa inda yara ke wucewa, suna alƙawarin warkar da cuta ashirin da kwalba ɗaya, nan ne ya kamata ƙarfin hukuma ya sauka, domin doka ta ce sai NAFDAC ta amince kafin a tallata magani. Motocin kamfe da aka lulluɓe da fuskokin 'yan takara a zaɓen 2023, wasu har yanzu suna yawo da hotunan da suka koɗe, ban taɓa ganin an tare ɗaya an tambaye ta takardar talla ba. Samarin katakon sun san motar da za su iya tsayarwa.

Ba samarin nake zargi ba. Yawancinsu aiki suka rasa, wani ya ba su riga da kundin rasidi ya ce su kawo kaza kafin yamma. Da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisar jiha nake, da hukumar tattara haraji ta jiha, da kuma ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da masu gidajen burodi, waɗanda ke taruwa da sauri idan farashin fulawa ya tashi amma ba su taɓa zama a kan wannan ba. Abu ne da zama ɗaya da takarda ɗaya za su iya warwarewa.

Farar motar tana nan. Na riga na biya kuɗin zanenta, yana ajiye a kwamfutar mai shago tun bara, da Hausa, da lanƙwasar kowane harafi, da layin ajami a ƙofar baya. Direbanta ya roƙe ni in dakata. Ya ce, "Alhaji, don Allah a bar ta haka tukuna, ita kaɗai ce ke isa ƙauye a kan lokaci."